Kafin Katafila Ta Iso: Amanar Masu Tsara Birane

A bayan gidanmu, cikin birnin Kano, akwai wani kududdufi da muka taso muka tarar. Kakanninmu ne suka haƙa shi lokacin da suke ɗibar ƙasar tubali, ya zama matattarar ruwan unguwa baki ɗaya. Da damina kowace kwata can take zubawa, agwagi su yi ta wanka, yara su yi ta farautar tarwaɗa. Wata shekara sai tifofi suka fara sauke shara da ɓaraguzai a bakinsa. Kafin damina uku an cike shi, an yanka fulotai, shaguna sun tashi. Yanzu duk watan Agusta sai ka ga mata cikin dare da bokiti da tsintsiya suna kwarfe ruwa daga ɗaka, an ɗora katifa a kan tebur, buhun masara ya jiƙe a zaure. Ruwan nan hanyarsa ta da yake nema, bai san an sayar da ita ba.

Masu shagunan suna da takardu, da hatimi da sa hannu. Wannan sa hannun ne abin da ya dame ni.

Mai tsara gari daban yake da injiniya ko mai zanen gida. Shi ne ke duba ƙasa tun tana fili ya ce nan titi zai bi, nan makaranta, nan maƙabarta, nan kuma hanyar ruwa ce, kada a taɓa. Sana'a ce mai rajista. An kafa ƙungiyar ƙwararrunta, NITP, a 1966, majalisar yi musu rajista, TOPREC, ta biyo baya a 1988, sannan dokar tsara birane da yankuna ta fito a 1992. Ita kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin riƙon amana domin jama'a. To gwamna ba ya zuwa da tef ya auna fili. Idonsa da hannunsa a wannan riƙo su ne ma'aikatan tsara gari da na ofishin ƙasa.

Tun farko alƙalamin sana'ar nan ya san son kai. A zamanin Lugga, wanda ya yi dokar garuruwa ta 1917, ƙa'ida ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, da sunan kariya daga zazzaɓin sauro. Ga Nasarawa da faffaɗan titi da itatuwa, ga Sabon Gari a matse. Bayan samun 'yanci an yi wa Kano babban tsari na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda wani mai tsara gari, Trevallion, ya jagoranta. Gari ya ci gaba da tumbatsa, shata sababbin unguwanni kuwa ya kasa cim masa, sai awon igiya ya cike giɓin: mai gona da dillali su ja igiya, su yanka fuloti-fuloti, a bar lungun da amalanke ma sai da dabara, babu filin makaranta balle lambatu. Muna saurin zagin masu awon igiya. Amma magidancin da haya ta ishe shi ina zai je, idan fulotin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu? Jinkirin shata fili mai sauƙin kuɗi tun gari bai kai wurin ba, shi ma sakaci ne da aiki.

Na san uzurin da ake bayarwa: umarni ne daga sama. Gaskiya ne, mai tsara gari ma'aikaci ne, yana da iyali, ana iya jefa shi wani lungu ko a danne masa ƙarin girma. Sai dai an ba shi shaidar ƙwarewa ne domin ya faɗi abin da ya sani. Idan aka kawo masa fayil a mai da filin wasan makaranta rukunin shaguna, mafi ƙarancin abin da ke wuyansa shi ne ya rubuta ƙin amincewarsa da hujjojinta a cikin fayil ɗin, ya sa kwanan wata. Wanda ya matsa sai an yi, ya sa nasa hannun.

Mun ga inda shiru ke kaiwa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka yi ta nuna gine-ginen da suka toshe magudanai. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, masu shagunan suka garzaya kotu, ta ce a biya su diyya. Ba siyasar abin nake bi ba. Gini ɗaya, an yarda a yi shi jiya, yau an shafa masa jan fenti, asarar kuma ta faɗa kan wanda ya sayar da gonarsa ya sayi shago. A Abuja ma, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 da sunan dawo da babban tsarin birnin na 1979 ya fi cin ƙananan ma'aikata da 'yan ci-rani, waɗanda birnin ke buƙatar hannunsu bai tanadar musu makwanci ba. Je ka tsaya a hanyar Nyanya da Mararraba da asuba ka ga jerin motocinsu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi. Ya tattauna tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da indararon da ke zuba a katangar wani, da hayaƙin gidan burodi, da cin hanyar jama'a. Ginshiƙin duka shi ne hana cutarwa. Ma'aikacin da ya san inda sabon titi zai ratsa, ya tura ƙaninsa ya saye gonakin wurin da araha kafin sanarwa, ya cuci manomin da bai ji ba bai gani ba, ko da takardunsa sun cika.

Ina ganin lokaci ya yi da majalisar rajista za ta riƙa bin sawun irin waɗannan fayiloli, ta soke lasisin wanda ya sa hannu a kan hanyar ruwa, ta bayyana sunansa. Kuma kafin a amince da sauya amfanin kowane fili, a manna taswirar a ƙofar gidan mai unguwa da bakin masallacin Juma'a, da bayani cikin Hausa, a ba mutane wata guda su kawo ƙorafi. Da an yi haka a unguwarmu, tsofaffi da dama za su nuna wa ma'aikacin daidai inda ruwa ke tsayawa a katanga duk shekarar da damina ta yi ƙarfi.