20,000 (lamba)

20,000 (dubu ashirin, ko zambar ashirin a tsohuwar ƙidaya) ita ce lambar da ke bin 19,999 kuma take gaban 20,001. Tana da gurbi na musamman a tarihin kuɗin ƙasar Hausa, domin ita ce adadin wuri da ke cikin keso ɗaya.

Suna

Kalmar "ashirin" aro ce daga Larabci. Kafin shigowarta ana cewa "gomiya biyu". Ita kuwa "zambar" tana nufin dubu, kuma an fi amfani da ita wajen ƙidayar wuri, kamar zambar goma ko zambar ɗari.

Siffofinta a lissafi

20,000 cika ce, wato 2 na raba ta ba saura. Idan aka farfasa ta zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, 2 da 5 kaɗai ake samu: 2 sau biyar (32) da 5 sau huɗu (625), domin 32 × 625 = 20,000.

Lambobi 30 ne ke raba ta daidai, ciki har da 1, 16, 125, 2,500 da ita kanta. Idan aka tara su duka ban da ita, za a samu 29,203. Tunda wannan jimilla ta zarce lambar, ana sa ta a rukunin lambobi masu yalwa. Haka kuma tana cikin lambobin Harshad, waɗanda jimillar alƙalumansu ke raba su, domin alƙalumanta sun taru sun ba da 2.

Babu cikakkiyar lambar da za a ninka da kanta ta ba da 20,000; mafi kusa ita ce 141 × 141 = 19,881. Sai dai ana iya rubuta ta a matsayin 100² + 100², ko 20² + 140², ko 68² + 124². Akwai lambobi 2,262 a ƙasa da ita waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, mafi girmansu 19,997. A ƙidayar kwamfuta mai alƙaluma biyu ana rubuta ta 100111000100000.

A harkar kuɗi

A zamanin kuɗin wuri, akan ƙirga wuri 20,000 a ɗinke cikin jakar tabarma da ake kira keso, don sauƙaƙa manyan ciniki. Lokacin da Bajamushe matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ana canja dala ɗaya ta azurfa a kan wuri kusan 2,500, ke nan keso ɗaya daidai yake da dala takwas.

A kuɗin zamani, Hausawan Najeriya na kiran naira 200 jaka, sunan da ya samo asali daga jakar fam ɗari kafin zuwan naira a 1973. Saboda haka naira 20,000 jaka ɗari ce. A Nijar kuwa jika ɗaya sefa 1,000 ce, don haka sefa 20,000 jika ashirin ake ce mata.