Hawan Igiyar Ruwa a Duwatsun Dakar: Sababinsa da Abin da Ya Haifar

Birnin Dakar na ƙasar Sanagal yana zaune ne a kan ƙasar da ta kutsa cikin Tekun Atilantika, a iyakar Afirka ta yamma, kuma da yake Allah ya shimfiɗe gaɓarsa da baƙin dutse irin na aman wuta, sai ya zamana igiyar ruwan da ta taso daga arewa da hunturu, da wadda ta taso daga kudu da damina, duk a nan suke karyewa. Yashi yakan gusa, dutse kuwa ba ya gusawa. Saboda haka igiyar da ta hau kansa a wuri guda take naɗewa kullum, har gwani ya san daidai inda zai jira ta, ko a tsaye yake hawa kan dogon allo, ko rub da ciki a kan gajere. Wannan shi ne asalin shuharar wuraren hawa na Ngor da Wakam, shi ne kuma asalin hatsarinsu, domin wanda ya faɗi a Wakam, gaban masallacin nan na bakin ruwa, ba ya samun komai a ƙarƙashinsa sai dutse da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya.

Labarin wurin ya bazu ne tun da Ba'amurken nan Bruce Brown ya nuna igiyar Ngor a majiginsa mai suna The Endless Summer, wanda ya game duniya a 1966. Amma shekaru masu yawa bayan haka wasan na baƙi ne, 'yan ƙasa suna kallo.

Abin da ya juya al'amarin, a ganina, ya fi kusa da tukunya bisa ga nishaɗi. Lebu, ma'abota wannan gaɓa, masunta ne gaba da baya, suna da ilimin teku wanda ba a karanta shi a littafi. To, da kifi ya yi ƙaranci, manyan jiragen ƙasashen waje suna kwashewa, har wasu samari suka riƙa sayar da rai a kwale-kwale zuwa tsibiran Kanari, sai waɗansu suka lura cewa ilimin nan da suka gada yana da wata kasuwa, wato koyar da baƙi, da yi musu jagora tsakanin duwatsu, da gyaran allo. Daga cikinsu aka sami Cherif Fall, wanda ya zama zakaran ƙasar, da Khadjou Sambe, wadda ta fara zama ƙwararriya cikin matan Sanagal bayan ta sha fama da ƙin yardar dangi. A 2019 kuma aka kawo Dakar gasar share fage ta duniya, irinta ta farko a Afirka ta Yamma.

Fa'idar a fili take, sai dai ba a raba ta da adalci ba. Allo daga waje ake shigo da mafi yawansa, da tsada, alhali masauki da gidajen abinci, inda kuɗin baƙo yake tarewa, suna bukatar jarin da ɗan masunci bai mallaka ba. Ga ƙazantar gari da leda suna kwarara cikin ruwan da ake taƙama da shi. Mafi muni duka shi ne gine-ginen da suka cinye gaɓar unguwar Almadi, har yaron da kakanninsa suka yi su a wurin yakan zagaya katangar otal kafin ya iske ruwa.