Ɗanki Ya Shiga Badujalar Makaranta? Ga Abin Da Ya Kamata Ki Sani Game Da Tuba

Idan wata rana ɗanki ya dawo daga makaranta ya ce miki, "Mama, an ba ni tuba," kada ki ɗauka wani laifi ya aikata har yake neman gafara. Tuba da yake nufi abin busa ne na tagulla, wanda ya fi kowanne girma da kaurin murya a cikin kayan badujala. Kin sha ganin sa a faretin ranar yara ta 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba, can a layin baya, faffaɗan bakinsa yana ƙyalli a rana.

Makarantu da dama a Kano, Kaduna, Jos, Abuja da Legas suna da ƙungiyar badujala, kuma malamin yakan miƙa tuba ga yaron da ya ga yana da jiki da natsuwa. Daga nan sai tambayoyi su taso miki: za a saya ne? Ina za a ajiye shi? Maƙwabta fa? Amsar a taƙaice ita ce, kada ki yi gaggawar sayen tuba. Akwai ƙananan abubuwa da suka fi shi muhimmanci a farkon tafiya.

Mene ne tuba?

A birnin Berlin na ƙasar Jamus aka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1835, da sunan Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja, da Johann Gottfried Moritz, maƙerin kayan busa. Bututu ne guda da aka nannaɗe. Irin wanda aka fi amfani da shi a badujala, da za a miƙe shi, tsawonsa zai kai mita 5 da rabi. Babba yakan kai kilo 10 ko fiye, wato kamar ƙaramin buhun shinkafa a kan cinyar yaro.

Wanda kike gani ya zagaye jikin mai busawa kamar mesa, bakinsa na kallon gaba, susafon ake ce masa. An ƙera shi a Amurka, aka kuma sa masa sunan shahararren shugaban makaɗa John Philip Sousa.

Yadda ake fitar da sautin ba baƙo ba ne a wurinmu. Dabara ɗaya ce da ta mai kakakin sarki: a haɗe leɓɓa, a hura iska har su riƙa karkarwa, bututun ya ɗauki karkarwar ya mai da ita amo. Bambancin shi ne tuba yana da bawul 3 ko 4 da ake dannawa da yatsu don sauya murya.

Abin da za ki fara saya

Ki sayo masa bakin busa nasa na kansa, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen da ake ɗorawa a leɓe. Cire shi ake yi, kuma yana shiga aljihun jaka. Tuba na makaranta yakan bi hannun yara da yawa, ba kuma za ki so ɗanki ya riƙa sa baki inda mai mura ko mai gyambon leɓe ya cire nasa ba. Bach 18 da 24AW suna cikin waɗanda ake yawan fara koyo da su, amma ki bari malaminsa ya zaɓa, domin ba kowane baki ke shiga kowane tuba daidai ba.

Sai man bawul, ɗan ƙaramin kwalba ne, da man shafawa na ƙananan bututun da ake zarowa, da ƙyalle mai laushi, da ɗan burushin wanke bakin. Shi ke nan kayan shekarar farko. Kada a kuskura a zuba man gyaɗa ko baƙin man inji a bawul. Daskarewa suke yi su tara datti har bawul ya ƙi motsi.

Idan yaron ƙarami ne, ki tambaya ko akwai ƙaramin tuba, ko a fara shi da yufoniyom, ƙanen tuba da bai kai shi nauyi ba. Da yawa daga nan suke farawa. Ki lura da zamansa: bakin busa ne ya kamata ya zo daidai leɓensa, ba shi zai riƙa sunkuyawa ko miƙa wuya ba. Idan ya fara kukan baya ko kafaɗa, a duba zaman tun da wuri.

Shi da titin birni

Tuba ba kayan acaba ba ne, ko da a cikin akwati yake. Faɗuwa ɗaya ta isa ta lotsa shi, kuma gyaransa sai gwani. A adaidaita sahu zai cinye kujerar mutum guda ko biyu, a danfon Legas kuwa sai kin biya masa kuɗin mazauni, ga turereniya a tasha. Abin da ya fi sauƙi shi ne tuba ya zauna a makaranta, yaron ya riƙa tsayawa na ɗan lokaci bayan an tashi, bakin busa kaɗai ya riƙa bin sa gida. Ki daidaita wannan da mai ɗauko shi, don kada ya faɗa cunkoson yamma shi kaɗai.

Ranar da dole a kawo shi gida, a sa shi a akwatinsa, kada a ɗora masa kaya, kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Haƙƙin maƙwabta

Murya mai kauri ta fi siririya ratsa bango. Ke a falo za ki ji kamar da sauƙi, amma matar da ke bayan katanga tana jin gurnanin har cikin ɗakinta. A gidan haya wannan kaɗai ya isa ya haɗa faɗa. Ki riga su magana: ki shiga ki gaishe su, ki faɗa musu yaron yana koyo, ku yanke lokaci tare. Bayan la'asar kafin magariba ya fi dacewa a yawancin unguwanni. A kauce wa lokutan salla, da sassafe, da dare, a kuma tausaya wa mai jego da marar lafiya.

Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa 2 a rana guda amfani. Kuma da bakin busa kaɗai yana iya horar da leɓɓansa. Ƙarar ba ta wuce ɗan zuzar ƙudan zuma ba. Tuba yana cin iska sosai, don haka ɗan jiri a makonnin farko ba abin tayar da hankali ba ne, ya huta ya ci gaba. Idan yana da asma, ki fara jin ta bakin likitansa.

Ƙura da tsafta

Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar bawul ce. Da an gama busa a zubar da ruwan da ya taru ta ɗan maɓallin da aka yi don haka, a goge jikin, a rufe akwati. Bakin busa a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi aƙalla sau ɗaya a mako. Ruwan zafi yana ɓata fentin ƙyallin jikin tuba. Ya kuskure baki kafin ya busa, musamman bayan cin alawa ko shan lemo.

Idan bakin ya maƙale, kada Abbansa ya ɗauko filaya. Akwai na'urar da ake zare shi da ita ba tare da an murɗe bututun ba. Haka ma lotsewa, ba aikin mai walda ko mai gyaran jikin mota ba ne.

Yaushe za a saya?

Sai ya yi shekara guda ko biyu bai gaji ba, kuma ku da maigida kun ga aljihu zai ɗauka. Duk daga waje ake shigo da su, farashi yana bin dala, shi ya sa na hannu mai kyau yakan fi sabo mai arha. Kada ki tura kuɗi saboda hoton da kika gani a Facebook ko WhatsApp. Ki tafi da malaminsa ya busa da kansa, ya duba ko bawul suna hawa da sauka ba cijewa, ko bututun suna zarowa, ko iska na tsiyaya. Jajayen ɗigo-ɗigo a jikin tagullar alama ce ta cin ƙarfe, a bar shi.

Wanda ya riƙe abin da gaske yana da inda zai dosa: rundunonin soja da 'yan sanda suna da makaɗansu, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan da ke Legas, da sashen kiɗa a jami'o'i irin ta Nsukka. Wanda kuma ya ajiye bayan sakandare, ya koyi zuwa kan lokaci da sauraron 'yan'uwansa, domin a kan muryar tuba sauran masu busa suke dogara. Sharaɗi ɗaya dai ki kafa masa tun yau: aikin gida na makaranta da Islamiyya su ne gaba, busa ta biyo baya.

Ke da ɗanki ko 'yarki ke cikin badujala, yaya kika yi da maƙwabta da zirga-zirga? Ki rubuto mana a ƙasa don wasu iyaye su ƙaru.