Abin da ya kamata ku sani game da begen Kirista a lokacin wahala

A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, kusa da Mubi a jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, EYN, take. Shugabanni da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka tsere, ofishin ikilisiyar ya koma Jos na wucin gadi. Wata shida kafin nan an sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. Duk mai son sanin inda Kirista ke samun salama cikin bala'i, sai ya dubi mutanen nan.

Tun da aka kafa ta a Garkida a 1923, EYN ta gaji koyarwar ƙin ramuwa. Da wuta ta taso, azumi da addu'a shugabanninta suka kira, ba ɗaukar fansa ba. Tushen wannan shi ne gicciye: Kirista ya gaskata cewa Yesu Almasihu da kansa ya sha wulaƙanci da mutuwa, ya kuma tashi. Saboda haka mai wahala ba ya ganin Allah ya yi masa nisa, ba ya kuma ɗaukar kabari a matsayin ƙarshen zance.

Amma fa bangaskiya ba ta hana kuka. Nan ne wasu masu wa'azi ke kuskure, su riƙa tsawata wa mai makoki kamar hawaye rashin imani ne. Zabura cike take da koke-koke, akwai ma littafi sukutum mai suna Makoki. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Abokan Ayuba kuwa kwana bakwai suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina nan ne kaɗai suka kyauta. Da suka buɗe baki suna laƙaba masa zunubin da ya jawo masa masifa, sai Allah ya tsawata musu. Wannan darasi ne ga mai zuwa ta'aziyya da dogon bayani.

A aikace, salamar ta fi zuwa ta hannun mutane. Ku lura da Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, idan an yi rasuwa: su iso da zane iri ɗaya, wata ta ɗora tukunya, wata ta share tsakar gida, wata ta karɓi jaririn gwauruwa ta goya, sai can da yamma a ta da waƙa. A Gurku ta jihar Nasarawa ma an gina matsuguni inda Kirista da Musulmi da rikicin ya kora suke zaune tare.

Batun gafara ya fi kowanne nauyi. A tarukan warkar da raunin zuciya da ikilisiyar ta shirya, ana barin mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani kafin a zo kan yafiya. Yafewa ba ta nufin a fasa shari'a, ba a kuma tilasta ta da gaggawa. Wani sai ya yi shekaru.

Idan raunin zuciya ya tsananta kuwa, wanda barci ya ƙaurace masa, ko yake firgita da ƙarar babur, ko yake tunanin kashe kansa, a kai shi wurin likita. Fasto ya ci gaba da addu'a, 'yan'uwa su ci gaba da ziyara, a kuma tabbata yana shan magani.