In Man Birki Ya Ragu

'Yan'uwa masu dakon hatsi, a lura. Mota ba ta cin man birki kamar baƙin mai. In ya sauka ƙasa da layinsa, ɗayan biyu ne: ko birkin ya cinye, ko yoyo yake. Ƙarawa kawai rufe ciwo ne, sai a-kori-kura ta hau gangara da buhuna ya tashi.

To, in mun kai sabis mu tsaya a kan bakanike: ya juye baƙin mai, ya canza filta, ya duba ruwan lagireto da batir da iskar taya, ya kwance taya ya ga birkin. Man birki a sake shi duk shekara 2, don yana jan danshi.