Yadda ake gano littafin ƙirƙirarren labarin kimiyya da sunansa ya shige

Sau da yawa abin da ke saura a ƙwaƙwalwar wanda ya karanta littafi yana yaro bai wuce fage guda ba: wani yaro ne baƙo daga sararin samaniya ya ɗauke shi, suka yi ta yawo cikin taurari. Sunan littafin da na marubucin kuwa sun daɗe da shigewa.

Idan littafin Turanci ne, da sauƙi, domin rumbun ISFDB da ke intanet ya tattara dubban irin waɗannan littattafai. Na Hausa sai an bi sawu. Mai nema ya fara tuna shekarar da ya karanta shi, sannan ya duba maɗaba'ar da ke samar wa makarantu littattafai a lokacin. A shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ne kan gaba, kuma cikin jerin littattafansa akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Yaron shi ne Kilba, baƙon kuwa Ƙolin Ƙoliyo.

Gano suna rabin aiki ne. Bugun farko ya riga yaɗuwar lambar ISBN, ga shi takarda ba ta jure gara da damina. Don haka sai a nufi Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, ko a bincika kundin WorldCat, ko a tuntuɓi tsofaffin malaman Hausa, waɗanda galibi akwatunansu suka fi kantuna ajiya.