Mene ne dambu?

Idan aka taɓo abincin gargajiya, akan ambaci dambu. Abinci ne na tsaki, wato masara ko dawa da aka ɓarza ba ta kai gari ba.

A Rano da Kibiya, inda noman hatsi ya kafu, ana wanke tsakin, a gauraya da zogale ko rama, a turara a madambaci, tukunya mai huda a gindi. In ya nuna, sai a zuba man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji.

Mata na samun kuɗi da shi ranar kasuwa, manoma na son sa don yana riƙe ciki. Dambu na sa ƙishi, don haka mai cinsa ya tanadi kunun tsamiya ko fura da nono.